Kada Mu Ɓoye Tari

Tarin fuka tsohon abokin gaba ne. Tun 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar da ke kawo shi, amma har yau yana cin rayuka da yawa a Nijeriya. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, wasu ƙwayoyin sun daina jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan da ake sha na wata shida.

A da, kafin likita ya san ko ƙwayar tana jin magani, sai an rene ta a ɗakin gwaji har makonni shida ko fiye, gama tana girma a hankali ƙwarai. Cikin wannan jira, mai ciwo yana iya shan maganin da ba ya yi masa aiki, yana kuma yaɗa cutar a gidansu. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert. Ana zuba kakin mai tari a cikinta, ta karanta ƙwayoyin halittar cutar, cikin kamar awa biyu ta nuna ko akwai tarin fuka, da kuma ko rifamfisin zai kashe shi. A cibiyoyin gwamnati na tarin fuka, maganin kyauta ne.

To, amma na'ura ba za ta bi mu har ɗakin kwana ba. Wasu saboda kunya sukan ɓoye tari, su sayi ƙwayoyi a kemis. Wasu kuma da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye magani. Ta haka ne ƙwayar ke samun damar yin taurin kai.

Mu ɗalibai muna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, muna shaƙar iska ɗaya. Saboda haka muna ganin wajibi ne duk wanda ya yi mako biyu yana tari, ko yana ramewa da zufan dare, ya faɗa wa malamar jinya a kai shi gwaji. Wanda aka samu da cutar kuwa, kada mu ƙyamace shi. Ƙwayar kuturta dangin ta tarin fuka ce, Ubangijinmu Yesu kuwa bai guji kuturu ba, taɓa shi ya yi. Mu ƙarfafa ɗan'uwanmu ya shanye maganinsa har ranar ƙarshe.

Allah ya ba mu lafiya, amin.