Sarkin Gida Na Lantarki: Umarnin Wa Yake Bi?

Yau zan fara ne da labarin wata kunya da na sha, domin ita ce ta koya mini abin da nake son faɗa.

Wata Asabar, bayan an idar da sallar asuba, maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci. Dattijo ne mai kawaici, tun da na tare a unguwar ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ba wani abu ba ne, ruwan tankinku ne ya kwana yana zuba a gindin katangarmu. Ka san tamu ta ƙasa ce." Na rasa inda zan sa kaina. Makonni kaɗan kafin nan na gama cika wa abokai baki cewa famfon burtsatsen gidana ya daina jiran hannun mutum, na'ura ce ke kunna shi, ita ce ke kashe shi. Ga shi kuwa ta kunna, ba ta kashe ba.

Na'urar da nake magana a kanta wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da ake ajiyewa a gida, a haɗa ta da rauta, wato akwatin nan da ke rarraba intanet ga wayoyi. Daga nan take magana da makunnan fitilu da fankoki da soket-soket da kyamarori, da ƙananan na'urorin da ke jin motsi ko zafi ko yawan ruwa. Aikinta bin sharuɗɗan da aka gindaya mata: idan rana ta faɗi a kunna fitilar ƙofar gida, idan tanki ya cika a kashe famfo, idan batirin inbata ya yi ƙasa a cire firji daga kansa. Ni dai na raɗa mata suna sarkin gida, domin a manyan gidaje na da, sarkin gida shi ne ya san shige da ficen kowa, kuma a hannunsa mabuɗai suke. Wanda duk zai naɗa irin wannan hadimi, tambayar farko da ta kamace shi ita ce: umarnin wa zai bi?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Yawancin makunnan zamani masu araha da ke kasuwa ba sa jin maganar mai gida kai tsaye. Idan ka taɓa wayarka, umarnin yana fita ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin da ke wata ƙasa, sannan ya dawo ya sami makunnin da ke gabanka. Da irin wannan na fara. Ranar da datar gida ta ƙare, ina tsaye taku biyu daga fanka, waya a hannu, amma ta ƙi motsi, saboda wanda take yi wa biyayya yana bayan teku kuma hanyar zuwa gare shi ta toshe.

Ƙarewar data ma mai sauƙi ce, tunda ana sayen wata. Abin da ya fi shi muni shi ne ranar da kamfanin ya ga dama ya rufe shago. A Amurka an sayar da wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv a kan kusan dala 300. Kamfanin Nest, wanda Google ya saya, ya mallaki kamfanin da ke yin ta a 2014, sannan a watan Mayun 2016 ya kashe kwamfutocin da take dogaro da su, na'urar ta koma abin ado a kan kanta. A watan Afrilun 2022 masu amfani da kayan Insteon suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, ba tare da an yi musu sanarwa ba, sai bayan kusan wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Waɗannan mutane sun biya kuɗinsu cif, amma ashe aro aka ba su. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Wannan ne ya sa na koma ga tsarin da ke yanke hukunci a cikin gida. Akwai manhajoji da dama na kyauta da ke yin haka. Wadda na zaɓa ita ce Home Assistant, wadda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Paulus Schoutsen ya fara a 2013, yanzu kuma dubban masu sa kai ke gina ta. Ana zuba ta a kan Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba kuma wutar da take ci ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya ba, ko kuma a kan tsohuwar kwamfutar da aka daina amfani da ita. Bayan an zuba manhajar an jona na'urar da rauta, sai a buɗe burauza a waya ko kwamfuta da ke kan intanet ɗin gidan, a rubuta homeassistant.local:8123. Shafin farko zai nemi sunan mai gida da kalmar sirri, da wurin da gidan yake, domin da shi take lissafin fitowar rana da faɗuwarta. Wannan duka bai ɗauke ni awa guda ba. Sauƙin nan ne ya ruɗe ni, na ɗauka an gama, alhali ainihin aikin yana gaba.

Ga abin da ya faru a daren da ruwa ya zuba. Kowace na'ura da ke kan rauta tana da adireshi, wasu lambobi irin 192.168.1.20, kuma rauta ce ke raba su ta wani tsari da ake kira DHCP. Rabon na wucin gadi ne, kamar kujerun motar haya: wanda ya sauka ya dawo ba lallai ne ya tarar da kujerarsa ba. Da magariba aka ɗauke wuta famfo yana cikin aiki, rauta ma ta mutu tunda ban sa ta a kan inbata ba. Can cikin dare wuta ta dawo, rauta ta farfaɗo ta sake rabo, makunnin famfo ya sami sabon adireshi. Shi kuma an saita shi tun daga masana'anta ya koma halin da yake ciki kafin ɗaukewar wuta, saboda haka ya ci gaba da jan ruwa. Da lokacin kashewa ya yi, sarkin gida ya yi ta aika umarni zuwa tsohon adireshi, babu mai amsawa.

Maganin bai kai minti goma ba. A cikin saitin rauta akwai wurin da ake keɓe adireshi na dindindin ga na'ura, ta hanyar lambar MAC, wadda kowace na'ura ke zuwa da tata. Na keɓe wa sarkin gida nasa, na keɓe wa kowane makunni nasa, na rubuta su a littafi. Na jona sarkin gida da rauta ta kebul maimakon Wi-Fi, domin kebul ba ya yankewa don wani ya rufe ƙofar ƙarfe. Na mayar da su biyun kan layin inbata, wanda hakan ya kare ni daga wata matsalar ta daban, wato lalacewar katin memori da Raspberry Pi ke aiki da shi idan wuta ta yanke masa yana cikin rubutu. Na canza saitin makunnin famfo, yanzu duk sanda wuta ta dawo a kashe yake tashi. Sannan na kira mai gyaran famfo ya sa wa tankin ɗan makunnin nan mai yawo a saman ruwa, wanda ba ruwansa da intanet. Na kuma biya mai gini ya gyara gindin katangar Baba, duk da ya yi ta rantsuwa ba sai na yi ba.

Darasin da ke nan ya wuce gidana. Waɗanda suka ƙera waɗannan kayayyaki sun ƙera su ne a ƙasashen da ɗaukewar wuta labari ne na jarida, mu kuwa a nan abin yau da gobe ne. Ɗauki misalin Zigbee, ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙananan na'urori ke magana da juna ba tare da Wi-Fi ba. Kyawunsa shi ne duk na'urar da ke jone da wutar bango tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda leburori ke miƙa bulo hannu da hannu, har ya isa ɗakin da ke ƙuryar gida. To idan masu miƙawar suna kan layin da babu inbata, ana ɗauke wuta layin ya tsinke, na'urorin da ke aiki da batir su zama marayu. Haka nan mai sayen kaya daga waje ya duba da kyau. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma kayan Z-Wave na Amurka ba sa jin na Turai domin zangon rediyonsu ya bambanta. Yawancin makunnan Wi-Fi kuma zangon 2.4GHz kaɗai suka sani, wanda ya yi ta gwada haɗa su da na 5GHz zai kwana yana zargin kayan banza ya saya. Famfo da na'urar sanyaya ɗaki kuwa suna jan wuta mai yawa wajen tashi, aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne ya sa musu abin da zai ɗauki nauyin, ba a jona su kai tsaye ga ɗan makunnin fitila ba.

Saura maganar tsaro, wadda a ganina ta fi duk waɗannan nauyi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarori da rautoci, tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa kaya, irin su admin da 12345. Da wannan kaɗai ta mallaki dubban ɗaruruwan na'urori. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tara su aka auka wa kamfanin Dyn, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Da wani reshe na Mirai ɗin ne kuma aka kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, laifin da ya sa wata kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan Ingila shekara biyu da wata takwas a 2019. Daga ranar 29 ga Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan kayayyaki da kalmar sirri ta gama-gari. Mu da ke sayen duk abin da ya sauka a kasuwa, mu ne za mu zama dokar kanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga wanda ya tashi a gidan Bahaushe, tsarin ba baƙo ba ne. Akwai zaure, inda baƙo ke tsayawa, akwai kuma cikin gida, inda sai da izini. Yawancin rautoci suna da sashen baƙi, Wi-Fi na daban da ke ba mutum intanet ba tare da ya ga sauran na'urorin gida ba. Wannan shi ne zaure, kalmar sirrinsa ake ba abokai da 'yan makaranta masu neman data. A canza kalmar sirrin rauta tun ranar farko. A kashe UPnP, tsarin da ke ba na'urori damar buɗe wa kansu ƙofa zuwa waje. Wanda ke son duba gidansa daga ofis ko daga wani gari kada ya buɗe ƙofar 8123 ga duniya, ya bi ta rufaffiyar hanya irin WireGuard, wadda sai mai mabuɗi ke bi. Kyamara kuma ta tsaya a ƙofar gida da bayan katanga. Tsakar gidan da iyali ke sakewa ba wurin ido ba ne, ko da idon naka ne, balle wanda ba ka san inda hotunansa ke kwana ba. A tuna cewa sarkin gida ya san lokacin da kuke barci, da lokacin da gidan ya zama babu kowa. Irin wannan sani, a ce yana ajiye a ɗakinka ya fi a ce yana hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Gwajin ƙarshe mahaifiyata ce ta koya mini shi. Da ta zo mana kwana biyu, ta laluba bango da dare ta danna makunni, fitila ta ƙi kamawa, saboda na mayar da ikon ɗakin kan waya. Da safe ta ce, "Kai yanzu fitilar ma sai an nemi izininka?" Ban sami amsa ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida: duk abin da na'ura za ta yi, dole hannu ma ya iya yinsa. Kafin in ce aiki ya kammala, sai na cire intanet na ga ko gida yana tafiya, sannan in kashe sarkin gidan kansa in ga ko Hajiya za ta iya kunna fitila. Abin da ya faɗi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan biyu, ba na barinsa a gidana.

Ba ina hana kowa shiga wannan harka ba ne. Amfaninta a fili yake ga mai lallaɓa batirin sola, da mai jinyar tsoho, da mai yawan tafiya. Tun da aka fito da ƙa'idar Matter a 2022, wadda Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, haɗa kayan kamfanoni daban-daban a cikin gida ya ƙara sauƙi. Ga ɗalibanmu na lantarki da kwamfuta kuwa, sana'a ce ke jiran masu ita, domin littafin da ke zuwa a cikin kwali bai san da inbata da burtsatse da katangar ƙasa ba. Sai dai ga mai gidan da zai ba wani wannan aiki, ya tabbata ranar da aka gama an miƙa masa kalmomin sirri duka, ya canza su da hannunsa, ya kuma ajiye kwafin saitin a wani wuri daban. Mai gini idan ya gama, ba ya tafiya da mabuɗin ɗaki.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.