Ba keken kaɗai ba ne, a duba yadda yaron ke zaune da yadda yake kwana

Jama'a, duk ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, sai mu ga an jera kekuna, an ɗauki hoto, an tafa, kowa ya watse. Madalla da kyautar. Amma akwai yaran da keken nan bai yi musu komai ba, wani lokaci ma cutar su yake.

Ina nufin yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko ta doguwar naƙuda, ko shawara tun yana jariri, ko sanƙarau, wanda ba ya iya riƙe wuyansa balle ya zauna da kansa. Ka ɗauki irin wannan yaro ka saka a keken babban mutum, me ka yi? Ya zame, ya karkace gefe guda, kai ya rataya, ƙafafu na lilo. A haka ake ba shi kunu, ya ƙware, kunun ya bi hanyar huhu, bayan kwana biyu sai ciwon ƙirji.

Kwanciya ma ta fi muni, don ba mai kula da ita. Yaron da ba ya iya juyawa yana kwana a yanayi guda duk dare, shekara da shekaru. Gwiwoyi su faɗi gefe ɗaya, ƙashin kwankwaso ya fara fita daga gurbinsa, ƙashin baya ya lanƙwashe, haƙarƙari ya danne numfashi. Ga gyambo a inda ƙashi ke gugar tabarma. Uwa ta ce ciwon ne ya ƙaru, alhali da yawa daga wannan ana iya rage shi tun yaro na ƙarami, jikinsa bai sandare ba.

Kuma wallahi ba kuɗi mai yawa yake ci ba. Matashin audugar rimi a tsakanin gwiwoyi, zani naɗaɗɗe a bayansa, a riƙa juya shi akai-akai. Kujerar kusurwa da kafintan unguwa zai buga daidai awon yaron, da wurin aje ƙafa. A Zimbabuwe har da kwali da takarda aka koyi yin irin waɗannan kujeru, masu ƙarfi kuwa. Abin da ya rage shi ne wanda zai auna yaron, ya nuna wa uwa, ya dawo ya sake awo idan yaro ya girma. Kuskuren saka matashi ma yana iya cutarwa, shi ya sa sai da mai sani.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa keke sai an auna mai shi kafin a ba shi. To, mace a ƙauyen Dakoro ko Mirriya ba za ta iya zuwa Yamai duk wata ba. A koya wa ma'aikatan CSI wannan aiki, a haɗa su da kafintoci. Masu rabon kekuna kuma, bana ku zo da abin awo.