In biza ba ta fito ba, kada a bar tikiti ya ƙone

Jama'a, duk azumi haka muke gani. Mutum ya sayar da masararsa a Doguwa ko shinkafarsa a Tudun Wada, ya biya tikitin Umara, biza ta ƙi fitowa, sai ya ce Allah bai yi ba, ya haƙura da kuɗin duka.

Haƙuri daban, sakaci daban. A soke tikitin tun jirgi bai tashi daga filin Malam Aminu Kano ba. In ya tashi babu kai, an rubuta ba ka zo ba, tara ta ƙaru. Ko tikitin mai araha da aka ce ba a mayar da kuɗinsa, akwai harajin filin jirgi a ciki wanda galibi ana iya nema, tunda ba ka hau ba.

Inda gizo ke saƙar kuwa: kamfanin jirgi ejan da ya yanki tikitin yake mayar wa kuɗin, ba kai ba. Wasu ejan-ejan ɗin sai su karɓa su yi gum, don sun san mutumin Kiru ko Bebeji ba zai yi ta zirga-zirgar Kano ba.

Ka riƙe rasit da lambar tikitinka. In ejan ya fara yi maka gobe-jibi, hukumar NCAA na da teburin karɓar koke a filin jirgin.