Zauren Iyali: Ƙyauren da ke rufuwa a hankali

Duk mai shirin yi wa ɗiyarsa kayan ɗaki, ko gyara madafar gidansa, muna ba shi shawara ya dubi ƙarafan kabad kafin ya dubi fenti.

Akwai hinji mai ɗan bututun mai a cikinsa. In an tura ƙyaure, man nan ne ke rage masa gudu, sai ya rufu ba ƙara. Ta haka yatsun yaranmu ke tsira, uwargida kuma ta shirya sahur ba ta ta da mai barci ba. Kafinta na huda masa gurbi mai faɗin milimita 35, kuma yana da sukurorin daidaitawa in ƙyaure ya karkace.

Aljihun kabad kuwa, mu zaɓi layin ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye, mu tambayi nauyin da yake ɗauka, domin tukwane ba cokula ba ne. Lokacin hunturu a riƙa share masa ƙura. Kada a danna ƙyaure da ƙarfi, hakan ke kashe bututun.

Magabata sun ce araha ba ta ado, sayen abu sau biyu kuwa ɓarnar dukiya ce, wadda addininmu ya hana. Allah Ya sa albarka a gidajenmu, amin.