Mai Gyara Ba Shi Ne Mai Labari Ba

Ƴan'uwa na Sanam da Filinge da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, in kun aika labari a buga, sai ya bi ta hannun mai gyara. Haka ake yi tun gasar Zariya ta 1933, wadda Rupert East ya duba labarunta, har aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Ya raba kalmomi, ya sa ƙugiya inda muka manta. Wannan mun yarda, don in babu ƙugiya baƙi sai su koma baki.

Amma wa ya ce masa "munka tahi" kuskure ne? Na rubuta labarin yunwar 1984 daga bakin tsohuwata. Da takarda ta dawo, tsohuwa ta zama Bakanuwa! An share "shina", an share "munka". Na karanta mata, ta ce, "Wacce ta ka magana?" Taron Yamai na 1980 ƙa'idar rubutu ya daidaita, bai hana Kurfayawa maganarsu ba.

Ku ce a nuna muku gyaran kafin a buga. Ni dai ban sa hannu ba sai da aka mayar wa tsohuwa bakinta.