ZAFIN WAYA LOKACIN BUGA GEM: Ka daina tsoron furosesa, batir za ka ji wa



Da zarar bazara ta kama, tambaya ɗaya ce take cika mana akwatin saƙo. Wani zai ce wayarsa tana zafi in yana buga Free Fire, ya duba da manhaja ya ga 70, ko ƙonewa za ta yi? Wani kuma zai ce shi hankalinsa kwance yake, don ya kalli bidiyo a YouTube an ce har digiri 90 babu komai. Masu rubuto mana daga Sharabi, Ka'oje, Illo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo sun fi kowa yawan wannan tambayar, kuma ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san ranar watan Afrilu a ƙasar Kebbi.

Ra'ayina shi ne dukansu biyun lambar da ba ita ba suke kallo. Mai tsoron 70 yana tsoron abin da bai kai a ji tsoro ba, mai kwanciyar hankali da 90 kuma ya ɗauko maganar kwamfutar tebur ya ɗora wa wayar hannu. Abin da zai fara lalacewa a wayarka saboda zafi ba furosesa ba ce, batir ne. Shi kuwa batir, tun daga 40 ya fara jin jiki.

Bari mu fara da furosesar. Ita ce ƙwaƙwalwar waya, wani ɗan guntu ne da bai wuce faɗin farce ba, kuma kusan duk wutar da ta ja daga batir zafi take komawa. An ƙera ta ne da sanin za ta yi zafi. A kwamfuta, yawancin furosesocin Intel iyakarsu digiri 100 ne, AMD kuma ta fito fili ta ce jerin Ryzen 7000 da ta fitar a 2022 an tsara su su kai 95 suna aiki lafiya. Ta waya ma danginsu ce. In kana tsakiyar gem ka ga 60 ko 70 a kan furosesa, wannan aikinta take yi. Kuma tana da mai gadi: da ta kusa iyaka, sai ta rage gudu da kanta. Wannan ne dalilin da ya sa gem ɗinka yake tafiya sumul a minti goma na farko, daga baya ya fara sarƙewa, kana harbi abokin gaba ya riga ya wuce. Ba lalacewa wayar ta yi ba, kanta take ceta.

To shi batir fa? Nan ne maganar take. Batirin lithium da ke cikin Tecno, Infinix, itel, Redmi, Samsung har da iPhone, sinadarai ne a cikinsa, ba guntun ƙarfe ba. Zafi yana hanzarta tsufan sinadaran nan, kuma abin da ya tafi ya tafi kenan, ba ya dawowa don wayar ta huce. Yawancin kamfanonin da ke ƙera irin wannan batir digiri 45 suke sawa a matsayin iyakar zafin da za a yi masa caji. Furosesa in ta ji wuta tana da hanyar ja da baya, shi kuwa batir yana nan manne a gefenta cikin rufaffen gida ɗaya, duk zafin da ta fitar shi yake sha. Shi ya sa za ka ga wayar da ba ta cika shekara ba, amma cajin da yake kai ka dare a da yanzu kafin la'asar ya ƙare. Sai a ce wayar jabu ce. Wani lokacin jabun ce, amma sau da yawa dafa ta aka yi a hankali.

Ga wani abu da masu bidiyon ƙasashen waje ba za su faɗa maka ba, don ba matsalarsu ba ce. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da iPhone a wurin da zafin iska yake tsakanin digiri 0 zuwa 35, Samsung ma haka ya ce game da wayoyinsa. Lura fa, zafin iskar wurin ake nufi, ba na wayar ba. Mai gwajin waya a Amurka ko Koriya yana zaune ne a ɗaki mai na'urar sanyi, iskarsa ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Kai kuma a Sharabi, daga Maris zuwa Mayu, da rana tsaka iska tana kai 40 har ta gota. Wato tun kafin ka taɓa sikirin, wayar da ke aljihunka ta riga ta fita daga ma'aunin da kamfani ya ba ta. Waya ba ta da fanka, ta jikinta take fitar da zafi zuwa iska. In iskar ma 41 ce, ina zafin zai je?

Sannan rana. Hasken rana tsaka yana zuba abin da ya kai wat 1000 a kan kowace murabba'in mita. In ka lissafa da faɗin waya, kusan wat 10 kenan ke sauka a kanta, wanda ya fi abin da yawancin gem ke sa ta fitar. Don haka wanda ya zauna a kan babur a bakin tasha yana buga eFootball rana na dukan sikirin, zafi biyu ya haɗa wa wayar, kuma ya ƙure hasken sikirin don ya iya gani, ga na uku.

Akwai kuma wanda ya shafe mu mu na kan iyaka musamman, wato sabis. Duk lokacin da sabis ya yi rauni, waya tana ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi don ta kai ga eriya, ƙarin ƙarfin nan kuwa ƙarin zafi ne. Wanda yake wajen Lolo ko Tsamiya ya san yadda waya take yi, yanzu tana kan layin Najeriya, anjima ta hango na Jamhuriyar Benin, tana ta lalube. Gem irin su PUBG Mobile da Call of Duty kuma ba sa barin data ta huta ko na daƙiƙa ɗaya. In layi biyu ne a wayarka, ɗaya babu sabis a inda kake, kashe shi kafin ka fara. Ka shiga saitin layi ka zaɓi kamfaninka da hannu maimakon ka bar ta tana nema da kanta. In kuma sanda ɗaya ce tak ta sabis, wallahi gara ka buga wanda ba ya buƙatar data.

To wace lamba za ka kalla? Ka sauke ɗaya daga cikin DevCheck, AIDA64 ko AccuBattery a Play Store, ka nemi inda aka rubuta zafin batir. Wannan ce lambar da ta fi gaskiya, don lambobin furosesa a wasu wayoyin a birkice suke fitowa, wata na'urar aunawa ta ce 35 wata ta ce 80. A ma'aunina, in batir yana ƙasa da 38 kana buga gem, ci gaba abinka. Daga 40 zuwa 43, ka rage ingancin hoto, ka cire rigar wayar, kuma kada ka kuskura ka haɗa da caji. In ya taɓa 45, ajiye ta, ko da kuwa saura mutum biyu a fili. In ba ka son sauke komai, hannunka ma ma'auni ne: duk lokacin da ka ji kana canja riƙo saboda bayan wayar ya dame ka, an zo wurin.

Yanzu babban laifin, wanda na fi ganin yana kashe batir a wajenmu: buga gem waya tana jone da caja. Caji da kansa yana kawo zafi, balle caja mai sauri. Ka haɗa shi da zafin furosesa, ka haɗa da zafin ɗakin kwano da ƙarfe biyu na rana, sannan wayar tana cikin riga mai kauri a kan katifa. Na san abin da za ka ce, kuma kana da gaskiya: wuta ba kullum ba ce, in ta zo ba ta daɗewa, in ba a lokacin ba yaushe mutum zai buga? Amma duba lissafin. Wayar da ake buga gem da ita tana caji a hankali take cika, don ita kanta tana rage cajin in ta ji zafi. Ka ci wutar, ba ka samu cajin ba, ka kuma tsufar da batir. Ka bar ta ta sha cajinta sikirin a kashe, ka cire, sannan ka buga. In kana da fawa bank, shi za ka cika in wuta ta zo. Wasu wayoyin, kamar jerin Infinix Note 30 da Samsung Galaxy S23, suna da tsarin da wutar caja take wucewa kai tsaye zuwa cikin waya ba tare da ta bi ta batir ba lokacin gem. In taka tana da shi, kunna shi, shi kaɗai ne uzurin da zan karɓa.

Masu shagon caji, ku ma da ku nake. Waya talatin a jibge wata kan wata cikin akwati ɗaya, ƙarƙashin rumfar kwano, janareta na huci a gefe, wannan tanda ce. Ku baza su, ku ɗaga su daga inda rana ke shigowa. Kai kuma mai kai caji, ka cire mata riga kafin ka miƙa.

Sai maganar manhajojin nan masu hoton ƙanƙara da fanka, waɗanda suke cewa danna nan mu sanyaya maka waya. Ka goge su. Manhaja ba ta da hanyar fitar da zafi daga cikin ƙarfe, ita ma furosesar take sawa aiki, ga tallace-tallacen da take jawowa da datarka. Abin da suke taƙama da shi a da shi ne rufe wasu manhajoji da ke aiki a ɓoye, to daga Android 14 da ta fito a 2023 Google ya hana wata manhaja rufe wata. Saura hoton ƙanƙara kawai.

Haka nan masu cewa a buɗe wayar a cire takunkumin rage gudu don gem ya yi sauri. Gaskiya ne kamfanoni sukan wuce gona da iri, a 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce da Samsung kan yadda wani tsari nasa yake rage gudun gem a Galaxy S22, har ya fitar da sabuntawa ya ba mutane zaɓi. Amma wannan rigimar masu babbar waya ce a ƙasar da ake sanyi. Kai da kake riƙe da Helio G85 a bazarar Bagudo, wannan takunkumin shi ne abokinka.

Kada kuma ka sa waya mai zafi a firji, ko ka ɗora mata ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi. Sanyin farat ɗaya yana sa raɓa ta taru a cikinta, ka gudu daga zafi ka faɗa hannun ruwa. Abin da yake aiki mai sauƙi ne: kashe sikirin, cire riga, kwantar da ita a kan siminti mai sanyi ko farantin ƙarfe a inuwa, in da fanka ta fuskance ta. Minti goma ya isa ka ga lambar ta sauko. A cikin gem ɗin kuma, ka sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa, ka rage yawan hotunan da yake nunawa a daƙiƙa daga 60 zuwa 30 in rana ta take. Manyan gasa da abokai ku mai da su bayan isha'i ko da sanyin safiya.

Me ya sa nake matsawa haka? Saboda a wajen yawancinmu wayar gem ɗin ita ce dai wayar neman abinci. Da ita ake tura kuɗi, da ita ake jin farashin shinkafa da albasa, da ita ake kiran abokin ciniki a Malanville. Ga tsadar waya yanzu, kuma samun batir na asali a ƙauye ba ƙaramin aiki ba ne, sau da yawa wanda za a sa maka bai kai rabin na farko ba. Abin kuma bai tsaya a kuɗi ba. In ka ga bayan wayarka ya ɗago, ko sikirin ya fara rabuwa da jikinta, batir ne ya kumbura. Kada ka danna shi, kada ka huda shi da allura wai iska ta fita kamar yadda wasu ke yi, yana iya kamawa da wuta nan take. Daina caji, kashe ta, kada ka kwana da ita kusa da kai ko ka ba yara, ka kai wa mai gyara a canja.

Masu laftof kuwa, ku ne maganar 80 da 90 ta shafa. Ku duba da HWMonitor ko Core Temp. Tsakanin 70 da 85 lokacin gem babu damuwa. In kullum tana manne a sama da 90, fanka na ihu, to yawanci ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanyar iska, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. A buɗe a share, a sa sabo, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma. Masu gidan gem da PlayStation ma haka, a fitar da ita daga cikin akwatin katako ta sha iska.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana sunan wayarsa, gem ɗin da ya buga, ƙarfe nawa ne, da lambar da batir ya nuna bayan minti ashirin. Muna so mu ga wace waya ce ta fi jure bazarar nan tamu.