Talaka Ma Ya Cancanci Ɗaurin Talala

A shekarar 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta mai da gidajen kurkukun Nijeriya gidajen gyaran hali. Dokar ta kafa sashe na musamman don hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, kamar yi wa jama'a aiki kyauta, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta, da sakin talala, watau a saki fursuna bisa sharuɗɗa tun wa'adinsa bai cika ba. Ta kuma bar ƙofa buɗe ga duk wani hukunci irin wannan da kotu ta ga ya dace.

To, in wanda aka yi wa sakin talala ya saɓa sharaɗi fa? Abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne a mai da shi inda ya fito. Amma saɓa sharaɗi iri biyu ne. Akwai wanda ya koma sata ko ya zub da jini. Wannan ba mai roƙa masa, kurkuku ne gidansa. Akwai kuma wanda laifinsa duka shi ne ranar da aka ce ya bayyana gaban jami'i bai zo ba.

A ɗauki mutumin Kumagannam, can cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari ta Jihar Yobe, kusa da iyakar Nijar. In an ce masa kowane wata ya je Gashua ko Nguru ya sa hannu, ga nisa, ga rairayi, ga kuɗin mota. Ran da ruwan shuka ya sauka kuwa, manomin gero ba ya barin gona. Haka nan ɗan ci-ranin da aka saka a Legas, aka ce kada ya bar gari, sai ga saƙo mahaifiya ba lafiya. In ya bi mota ya tafi gida ya karya sharaɗi, babu shakka. Amma mai da shi Kirikiri saboda wannan, kashe sauro ne da taɓarya.

Gidajen kason ma ba su da wurin sa shi. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A watan Nuwamba na 2023 sai da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya fara sakin fursunoni 4,068 waɗanda rashin kuɗin tara ya riƙe, bayan an tara Naira miliyan 585 don biya musu. Mutanen Kudu kuma sun san sunan kurkukun Gashua tun 1989, lokacin da gwamnatin soja ta kai lauyan nan Gani Fawehinmi can don ya ji jiki.

Maganin yana nan kusa, Hausawa ma suna da sunansa: ɗaurin talala. Sai dai a ƙasar nan manya aka saba yi wa shi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na farko, da ya bar sarauta a 1963, Azare aka kai shi ya zauna. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, Alhaji Shehu Shagari a gida aka tsare shi a Legas. Abin da aka ga ya dace da mutuncin sarki da shugaba, me zai hana talakan da ya makara zuwa sa hannu ya samu?

A Amurka, tun 1983 wani alƙali a Jihar New Mexico ya fara sa a ɗaura wa masu laifi na'ura a ƙafa don a san ba su bar gida ba. Ingila ta bi sahu a 1999 da tsarin sakin fursuna ya ƙarasa wa'adinsa a gida, ba ya fita da dare. Na'urar tana son wutar lantarki da layin waya, abin da ƙauyuka da yawa ba su da shi. Amma ƙauye yana da abin da birni ya rasa: bulama da lawan da liman sun san kowa, sun san wanda ya kwana a gari da wanda bai kwana ba. A Kudu ma, sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Ibadan da Shagamu suna iya tsayawa wa mutanensu.

Lalle ne a yi hattara. Kotu ce kaɗai za ta yanke wannan hukunci, ta ƙayyade kwanakinsa a rubuce, don kada wani mai sarauta ya mai da shi sandar dukan abokin gaba. A kuma bar mutum ya je gona da masallaci da asibiti, gama wanda aka hana neman abinci an tura shi ga sata ne.

Tun watan Maris na 2023 gyaran Tsarin Mulki ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. Saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Yobe ba ta da hujjar jiran Abuja. Ya kamata ta rubuta ɗaurin talala ɓaro-ɓaro cikin doka a matsayin horon wanda ya saɓa ƙaramin sharaɗi, a kuma yi yarjejeniya da jihohin Kudu yadda wanda aka saka a Legas zai iya mai da sa hannunsa Gashua ko Nguru. Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu su ne suka fi kowa sanin masu wannan matsala, su ya kamata su fara kai kukan gaban wakilansu.